Ranar da Malam Abdulmuttalib Ya Kashe Ilu

A Gumel, idan ka ce "Marubuci" ka yi shiru, kowa ya san Malam Abdulmuttalib Ɗanzomo kake nufi. Tsohon malamin Hausa ne na sakandare, ya yi ritaya, dogo siriri mai son farar riga. Sunan ya bi shi ne tun shekarar da wani kamfanin buga littattafai na Zariya ya amince zai buga masa littafi a kan fataken raƙuma na kasuwar Maigatari. A lokacin har walima aka yi, aka yanka rago. Yaran da suka ci naman ragon nan suna firamare, yanzu wasunsu sun yi aure sun haihu, littafin bai fito ba.

Ba rashin sani ne ya hana shi ba. Kakansa bafatake ne, a bakinsa ya tashi yana jin labarin hanya da rijiyoyi da halin raƙumi. Idan Malam ya zauna a majalisa ya ɗauko zancen amale da taguwa, wato ƙaton raƙumi da raƙuma mace, har mai shayi yakan manta da ruwa a kan wuta. Matsalar tana farawa ne idan ya ga farar takarda a gabansa.

Da farko teburin ne ya yi masa gajarta, ya kira kafinta. Da aka kawo sabo, sai ya ga ɗakin ba shi da isasshen haske, aka fasa bango aka yi taga. Da aka yi taga, sai hayaniyar titi ta shigo. Daga nan ya ce ba zai ci gaba ba sai ya gana da wani tsoho a Gagarawa Tasha wanda aka ce ya taɓa zuwa Agadas a ƙasa. Ya je wurin tsohon ba sau ɗaya ba, kullum su ci tuwo, su yi hirar tsadar taki, ya dawo bai tambaye shi komai ba. Da bazara zafi ya hana tunani. Da damina akwai gona a Ɗanzomo. Da azumi kuwa ai ba a magana.

Abin da ya sa hankalinsa bai taɓa tashi ba shi ne editan kamfanin, Dokta Habibullah. Lokaci-lokaci sukan yi waya.

"Malam, yaya littafinmu?"

"Yana nan tafe, Dokta. Babi na biyu ne ya ɗan yi mini gardama."

"To madalla. Kada ka takura wa kanka. Mu ma nan kwamitinmu bai zauna ba tukuna."

"Allah ya sa su zauna lafiya."

"Amin, Malam. A gai da gida."

Kowa sai ya ajiye waya zuciyarsa wasai.

Matarsa Laure tela ce, tana da keken ɗinki a ɗakin da ke kusa da zaure, mata suna kawo mata aiki daga cikin gari har daga ƙauyukan Sule Tankarkar. 'Yarsu da ke aure a Kano ta aiko mata da babbar waya, da niyyar ta riƙa buga wa Malam rubutunsa a ciki tunda idonsa ya fara rauni. Laure ta ce ya ba ta babi na ɗaya. Ya ce akwai ɗan gyara, ta jira shi zuwa Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Don kada hannunta ya zauna banza, ta fara ƙirƙirar wani labari tana bugawa, wai don ta saba da haruffan wayar. Wata rana ta tura shafi biyu a guruf ɗin matan da take yi wa ɗinki. Kafin la'asar an cika ta da tambayar sai me ya faru.

Labarin wata Safinatu ne da ta gaji tsohuwar gingimarin mahaifinta, tana ɗaukar riɗi daga Gagarawa zuwa Maigatari, da direbanta Ilu, maƙaryaci mai kyakkyawar zuciya, wanda yake son ta amma ya kasa faɗa. Laure ta sa masa suna Motar Safinatu. Kullum bayan ta sauke abincin rana sai ta zauna a bakin keke ta buga shafi uku ko huɗu ta tura. Daga guruf ɗin mata ya tsallaka wayoyin mazajensu, daga nan ya shiga tasha.

Malam ya ji labari a majalisa kafin ya ji a gida. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki.

"Laure, an ce kina rubuta littafi."

"Ɗan labari ne, Malam. Ina jiran naka ne."

"Littafi fa ba ƙosai ba ne da za a soya a miƙa da zafinsa. Ana rubutawa, a ajiye, a sake dubawa, a kai wa masana, kwamiti ya zauna."

"Haka ne," in ji ta, tana zare zare daga bakin allura. "Sai dai masu cin nawa ba su yarda ya kwana."

Tun daga shuka ta fara, kafin a yanke gero ta gama. Babi na ƙarshe ne kaɗai ta ƙi turawa. Ta ce wanda yake son sanin yadda aka ƙare da Safinatu da Ilu, ya jira littafi. Ta shiga mota ta tafi Kano, 'yarta ta raka ta wata ƙaramar maɗaba'a, ba a daɗe ba kwalaye suka iso Gumel a bayan motar haya.

Hajiya Nana Firdausi, shugabar ƙungiyar teloli mata, ita ta ɗauki nauyin bikin ƙaddamarwa. Ta zo gidan da kanta, ta durƙusa ta gai da Malam.

"Malam, ba mu da wanda zai yi sharhin littafin nan sai kai. Ga Marubuci a cikin gida, ina za mu je nema?"

Malam ya gyara zama. Ya ce ai sharhi aiki ne na ilimi, ba a yin sa da ka, amma tunda sun matsa zai duba. Laure ta zaro kwafi guda daga kwali ta ajiye masa a kan teburinsa. Bikin saura kusan wata guda.

Ya ɗauki littafin a ranar, ya duba bangon, ya shinshina takardar, ya ce tabaraunsa ya yi rauni, sai ya canja. Da ya canja, sabon ya riƙa sa masa ciwon kai, sai ido ya saba. Da ido ya saba, aka yi rasuwa a Ɗanzomo. Da ya dawo daga ta'aziyya sai ya ga bai kamata ya karanta a gaggauce ba, gara ya ware yini guda cur. Duk safiya Laure takan tambaye shi, "Malam, ka kai ina?" Shi kuma ya ce, "Ina nazari." Ba ta taɓa ƙara komai a kai ba.

Ranar bikin ta kama Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Bayan la'asar za a fara. Malam ya tashi da safe da niyyar zama ya cinye littafin kafin azahar. Ya buɗe shafin farko, sai ya tuna cewa manyan baƙi za su biyo gida bayan taro, kuma babu kilishin kirki a Gumel kamar na wani mutum da ya sani a Maigatari. Tafiya ce 'yar kaɗan. Zai karanta a mota, zuwa da dawowa. Ya zura littafin a aljihun gefen riga ya nufi tasha.

Motar Halliru ce a kan layi. An sa Malam a gaba don girmamawa, sai dai gaban mutum biyu ne, aka haɗa shi da wani ƙaton ɗan kasuwa mutumin Damagaram mai suna Hussaini, wanda ya rungume buhun barkono a cinya. Aljihun da littafin yake ya matse tsakanin cinyar Malam da ƙofa. Ya yi ya yi ya zaro shi, hannu ya ƙi shiga.

Ba su yi nisa da gari ba taya ta yi faci. Kowa ya sauka, aka koma gindin wata bishiya, Halliru ya shiga kiciniyar ɗaura safaya. Malam ya ce a ransa Allah ne ya kawo masa lokaci. Ya zaro littafin, ya buɗe.

Wata mata a cikin fasinjojin, Hannatu, mai sayar da daddawa, ta hango bangon.

"Malam, wannan ba Motar Safinatu ba ne? Ya fito?"

Kafin ya amsa ta iso kansa, sauran matan suka biyo ta. Hannatu ta miƙa hannu biyu cikin ladabi, ya rasa yadda zai hana ta. Tana karɓa ta juya shi ta baya tana neman shafin ƙarshe.

Halliru ya ɗago daga ƙarƙashin mota, hannunsa duk baƙin mai.

"Baba Hannatu, don girman Allah kada ki buɗe. Matata ce take karanta mini labarin nan tun farkonsa, na yi mata alkawari tare za mu ji ƙarshe. Duk wanda ya faɗa mini a hanya, a nan zan bar shi da kayansa."

Ya goge hannu a wando, ya karɓe littafin, ya jefa shi a ɗan akwatin gaban mota ya rufe. "Malam, ka yi haƙuri. Idan mun isa zan ba ka abinka."

Tunda an hana su karatu, sai suka koma baki. Malam ya zauna a kan saiwa ya kasa kunne. A nan ya ji yadda baffan Safinatu ya so ya sayar da motar ta hana, da yadda ta yi rigima da 'yan kamasho a tashar Gagarawa, da ƙaryar da Ilu ya yi cewa ya taɓa tuƙa jirgin ruwa, da ranar da birki ya tsinke musu da lodin riɗi. Hannatu ta ce Ilu sakarai ne. Wata ta ce duk mazan duniya a samu mai zuciyarsa. Suka yi ta musu, Malam yana tattarawa a kansa yana jera su babi-babi.

"To yaya aka ƙare?" ya tambaya, kamar mai gwada su.

"Ai shi ne ba mu sani ba," in ji Hannatu.

Hussaini mutumin Damagaram ya gyara murya. Ya matso kusa da Malam, ya rage sauti don kada direba ya ji, ya kira shi da laƙabin girmamawa na Faransanci irin na mutanen Nijar.

"Mushe, ni na san ƙarshen. Ƙanwar matata tana aiki a Kano, kusa da inda aka buga shi. Ilu mutuwa ya yi."

"Mutuwa?"

"Raƙumi ya harbe shi, nan cikin kara ta Maigatari, ya sauko ke nan daga kamiyo, gingimarin nan tasu. Wallahi matata kwana ta yi tana kuka."

Ya faɗa da irin natsuwar mutumin da ya ga abu da idonsa. Malam ya gyaɗa kai. A ganinsa ma ƙarshe ne mai ma'ana, har ya ɗan ji mamakin Laure.

Suna isa Maigatari kasuwa ta cika ta batse. Malam ya sauka ya nufi wurin mai kilishi, ya tsaya aka yi gaisuwa, aka taɓa hira, ya sayi kilishin, ya leƙa kara ya ga wani amale da ya burge shi, ya tambayi daga inda aka kawo shi. Sai da ya ji kiran sallar azahar ya tuna da littafi. Ya koma tasha da sauri. 'Yan kamasho suka ce ai Halliru ya samu shata zuwa Sule Tankarkar, ya daɗe da tafiya.

Ya iso Gumel ana sallar la'asar. A gida babu kowa, Laure da kwalayenta sun riga sun tafi wurin taro. Ya canja riga ya bi su. Zauren makarantar da aka ara ya cika, mata a gaba, maza a baya, matasa a tagogi. Littattafan suna kan tebur a naɗe cikin ƙyalle mai ƙyalli, an ɗaure da zare, ba mai taɓawa sai an ƙaddamar. Malam ya zauna a kujerar manyan baƙi yana kallon ƙullin nan kamar mai azumi yana kallon randa.

Aka yi addu'a, Hajiya Nana Firdausi ta yi maraba da jama'a, sannan ta ce, "Yanzu sai mu saurari Marubuci."

Malam ya miƙe, ya karɓi makirfo. Ya fara da tarihin rubutun Hausa tun daga ajami, ya ɗauki lokaci a nan yana fatan wani abu zai faru, ko wuta ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Da ya ga mutane sun fara duba waya, sai ya shiga labarin. Ya kawo baffan Safinatu, ya kawo rigimar tasha, ya kawo jirgin ruwan Ilu, zauren ya fashe da dariya. Ya kawo tsinkewar birki, mata suna gyaɗa kai suna cewa haka aka yi. Jikinsa ya saki. Ya saci kallon Laure, ya ga tana kallonsa da ɗan mamaki, sai ƙarfinsa ya ƙaru.

Da ya tsaya a nan, da an tashi lafiya. Amma bakinsa ya riga ya yi zafi, ga kuma raƙumi a gabansa.

"Sai dai inda marubuciyar ta fi nuna gwaninta," in ji shi, "shi ne mutuwar Ilu."

Zauren ya yi tsit.

Malam ya ɗauka shirun jin daɗi ne. Hussaini jimla biyu kawai ya ba shi, sauran ya cike daga abin da ya sani. Ya ce duk wanda ya san raƙumi ya san ba ya mantuwa. Ya ce tun a baya Ilu ya taɓa dukan wani amale da sanda a hanci don ya tare masa hanya, amalen bai yi ko gurnani ba, ya dai juya ido ya dube shi. Ya kwatanta yadda damina ta wuce, aka sayar da raƙumin, ya canja hannu, ya tafi arewa ya dawo. Ya kwatanta safiyar kasuwa, ƙurar kara, dillalai suna ciniki da hannu a cikin riga, Ilu ya sauko daga mota yana gyara hula, a ranar ya yi niyyar faɗa wa Safinatu abin da ke ransa. Amalen yana durƙushe yana tuƙa, ya ji warinsa. Malam ya nuna yadda ya miƙe, ƙafafun baya tukuna sannan na gaba, yadda kumfa ta fito masa a baki, yadda ya fizge akala daga hannun mai shi. Ya ce raƙumi ba kamar jaki yake harbi ba, ta gefe yake kawo ƙafa, inda mutum bai zata ba.

"Ko kalmar bai ƙarasa ba," in ji Malam a hankali. "Ya ce 'Safinatu, ni dai…' shi ke nan."

Wata mata a layin gaba ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata ta fashe da kuka sosai. Daga baya wani ya ce, "Haba Hajiya Laure, me Ilu ya yi miki?" Nan take zauren ya rikice, kowa yana magana, Hajiya Nana Firdausi tana buga tebur.

Laure ta miƙe. Ba ta yi sauri ba. Ta karɓi makirfo daga hannun mijinta da hannu biyu.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ina ganin Malam wani bugun ya karanta wanda ni ban san da shi ba. A nawa dai, da na rufe littafi Ilu yana da rai."

Sai dariya ta taso daga tagogi ta bi zauren gaba ɗaya. Malam ya tsaya da hannu a sarari, inda makirfo yake ɗazu. Ya nemi kujerarsa ya zauna, ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Ba a ma jira babban mai ƙaddamarwa ya gama jawabi ba. Mutane suka yi wa teburin caa, kowa yana so ya gani da idonsa ko Ilu ya mutu ko bai mutu ba. Kafin magariba ko kwafi ɗaya bai rage ba. A bakin ƙofa ana ta karanta shafin ƙarshe a tsaye: Safinatu ta koyi tuƙi da kanta ta sallami Ilu daga aiki, shi kuma da ya ga ba uwar ɗakinsa ba ce yanzu, bakinsa ya buɗe, aka ɗaura aure.

Baƙi suka biyo gida suka ci kilishi, ba wanda ya tayar da zancen, sai dai kowa ya dubi Malam sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da suka watse, Laure ta shiga tattara kwanuka. Malam ya tsaya a tsakar gida.

"Wani mutumin Damagaram ne," ya fara.

"Malam, ban tambaye ka ba."

"Ya ce ƙanwar matarsa…"

"Wata guda littafin nan yana kan teburinka." Ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Dariyar mutane ba ta dame ni ba. Ni dai na so a ce kai ka fara karanta shi."

Wannan ta fi dariyar zauren yi masa ciwo.

Washegari Halliru ya kawo littafin har gida, yana ba da haƙuri, ya ce shi da matarsa sun riga sun karanta ƙarshen, Allah ya saka wa Hajiya da alheri da ta bar Ilu. Malam ya karɓa ya shiga ɗaki. Bai fito ba sai don salla. Laure tana ɗinki tana jin sa yana dariya shi kaɗai, can kuma ta ji shiru mai tsawo. Da yamma ya leƙo ɗakin ɗinki da littafin a hannu, yatsansa a tsakiya.

"Wannan baffan nata, yayana ne na Ɗanzomo ko?"

"Ban ce ba."

"Shi ne. Har yadda yake tari." Ya dubi littafin da ke hannunsa. "Laure, littafin nan ya yi."

Ta ci gaba da taka keke, amma ya ga gefen bakinta ya motsa.

Abin da ba wanda ya zata shi ne wani matashi ya ɗauki jawabin Malam a waya, kuma ya bazu. Mutanen gari suka rabu biyu. Wasu suka ce auren ya fi, wasu suka ce mutuwar ta fi taɓa zuciya. A masallaci, a kasuwa, a wurin mai shayi, sai a tare shi: "Malam, amalen nan, daga baya yanka shi aka yi ko sayarwa?" Wani dillalin dabbobi ya zo takanas daga Maigatari don ya gaya masa cewa duk abin da ya faɗa a kan harbin raƙumi haka yake, ya nuna masa tabo a haƙarƙari.

Laure ta saurari jawabin sau da yawa tana ɗinki. Wata safiya bayan sun karya, ta ajiye wayarta a kan tabarma tsakaninsu.

"Malam, ba ni labarin tafiyar kakanka ta farko."

"Ai yana cikin babi na uku. Idan na zauna…"

"Ba rubutawa na ce ka yi ba. Faɗa mini kawai, ina son ji."

Ya faɗa mata. Ya yi kusan awa yana magana, yana kwaikwayon muryar madugu, yana nuna yadda ake ɗaure kaya. Da ya gama ta danna wayar, muryarsa ta fito. Kafin la'asar ta buga shi tsaf ta tura guruf, da sunansa a sama.

Malam ya yi faɗa. Ya ce ba a duba ba, ba a tace ba, akwai sunan wata rijiya da yake shakka. Yana cikin faɗan saƙonni suka fara shigowa, Laure tana karanta masa. Wata ta ce kakanta ma ya bi wannan hanya. Wani ya gyara masa sunan rijiyar. Da yawa suka ce sai me ya faru. Washegari ya ce kansa yana ciwo, a bari sai jibi. Kafin hantsi Hannatu mai daddawa ta yi sallama a zaure, ta ce ita ba ta da waya, jikarta ce take karanta mata, kuma an bar madugu a tsakiyar daji ba ruwa, ta zo ta ji ko lafiya. Ta shimfiɗa mayafinta ta zauna. Malam ya duba ya ga ba tashi za ta yi ba, ya ce a kawo wayar.

Haka aka yi ta yi. Duk ranar da ya so ya huta, sai an samu wanda ya zo dubiya. Ya yi ƙorafi, ya ce an mai da shi rediyo, amma kafin azumi ya kama, littafin da ya gagara shekara da shekaru ya kammala.

Ya ce ko kusa ba za a kai shi Kano ba, yana da alkawari da Zariya. Ya sa babbar riga kamar editan zai gan shi, ya kira waya.

"Dokta, albishirinka. Littafi ya kammala."

Sai da Malam ya duba ko layin ya yanke kafin amsa ta zo.

"Ya kammala?" in ji Dokta Habibullah. "Duka?"

"Duka, har da gabatarwa."

"To… madalla. Amma Malam, ba ka ganin an yi gaggawa? Aiki irin wannan yana son a bar shi ya huce. Ka ga kwamitinmu ma, shugaban ya yi ritaya, ba a naɗa wani ba. Ga takarda ta yi tsada. Akwai littattafan makaranta a gabanka. Ka sake duba shi a tsanake, zuwa baɗi ko baɗin baɗaɗa sai mu ga abin da Allah zai yi."

A da, irin wannan magana takan sanyaya wa Malam rai. Yau sai ya ji ta wani iri, kamar ya ji muryarsa a bakin wani.

"To Dokta, idan na kai shi wani wuri fa?"

"Wallahi Malam, da ka taimake ni," in ji Dokta, da wata murya da Malam bai taɓa jin sa da ita ba. "Ka aiko mini da kwafi guda, ina so in karanta."

Bayan salla ƙarama suka tafi Kano shi da Laure. Maɗaba'ar shago ne guda a cikin lungu, inji yana ƙara, takardu jibge har rufi. Mai wurin, wani mai fara'a da ake kira Yelwa, ya karɓi aikin daga wayar Laure, ya ce su je su huta su dawo jibi. Malam bai ji daɗin wannan jibin ba. A gidan 'yarsu ya yi ta safa da marwa, ya ce gabatarwar tana son ƙari, babi na biyar ya yi tsawo, wataƙila ma sunan littafin bai dace ba. Ranar da aka ce su koma, tun da hantsi ya riga Laure shiga shagon.

"Malam Yelwa, a ɗan dakata da aikin nan. Akwai abubuwan da nake son in sake tunani."

"Ranka ya daɗe, ai ciki ya gama tun jiya. Bango ne ma yake fita yanzu."

Ya nuna masa injin. Bangon yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, hoton ayarin raƙuma a kan rairayi, sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Malam ya ɗauki guda, da ɗuminsa. Ya gyara tabarau. A sama an rubuta Fataken Rakuma, babu lanƙwasa a kan harafin k. Shekara talatin ya yi yana zagaye wa ɗalibai wannan kuskuren a allo.

Laure ta leƙo ta kafaɗarsa, ta gani ita ma.

"Malam, a tsayar da injin?"

Yelwa ya kai hannu kan makunni yana jira. Malam ya dubi bangon, ya dubi tarin da ya riga ya fito, ya shafa sunansa da babban yatsa.

"Bar shi ya tafi," in ji shi. "Wanda ya san raƙumi zai gane shi."